Yadda Za Ka Nemi Taimakon Kuɗi a Wurin 'Yan'uwa Tun Kafin Rana Ta Ɓaci

Sau huɗu ina rubuta saƙon, sau huɗu ina gogewa. Na farko ya yi tsawo. Na biyu ya yi kama da na maroƙi. Na uku gaisuwa ce zalla, har da tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, babu maganar kuɗi ko ta kwabo a ciki. A na huɗun na rubuta "Yaya, akwai maganar da nake so mu yi," na zuba masa ido kusan minti goma, sannan na kife wayar a kan katifa. A lokacin wata biyu ke nan da aka sallame mu daga aiki, kuɗin haya ya cika, mai gida ya daina aike ya fara zuwa da kansa. Abin da nake bukata bai fi ƙarfin yayana ba, na kuma sani. Amma na gwammace na sauke wata manhajar bashi a waya na ci bashi da ruwa, domin manhaja ba ta san ni ba, ba za ta tuna cewa ni ne mai ɗaga kafaɗa a gidanmu ba.

Bayan wata huɗu bashin ya kusa ninkawa, masu manhajar kuma suka bi lambobin da ke cikin wayata suna aika wa mutane saƙo cewa ni macuci ne. A haka yayana ya ji. Da ya kira ni bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ashe ni ba ɗan'uwanka ba ne?" Shi ya biya, kuma abin da ya biya ya kusa ninki biyu na abin da na ji kunyar roƙa tun farko. A ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa na Play Store taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane, amma ni abin ya riga ya faru da ni.

Matakan da ke ƙasa su ne waɗanda da na san su a daren nan da ban goge saƙon ba. Kunyar roƙo ta awa ɗaya ce, kuma kusan girmanta ɗaya ko yau ko wata uku masu zuwa. Bukatar ce ke girma kullum kana jinkiri.

Fara da gano abin da kake tsoro

Muna kiran abin da sunaye masu daɗi: kamun kai, rufin asiri, tsare mutunci. Wani lokaci sunan daidai ne. Mutumin da ya ƙi ɗora wa mutane nauyin abin da zai iya yi da kansa ya yi abin yabo. Amma akwai inda kamun kai ke ƙarewa girman kai ya karɓa, kuma alamar wurin a fili take: ranar da shirunka ya fara cutar da wani. Yaro yana zaune a gida an koro shi daga makaranta, mara lafiya yana jiran magani, bashi yana haihuwa, kai kuma kana cewa "lafiya lau" duk wanda ya tambaye ka. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ɗauki takarda ka rubuta ƙarshen wannan jimlar da gaskiya: "Ba na son na tambaye su saboda..." Amsoshin ba su cika wuce biyar ba. Ko kana tsoron raini, ko gori nan gaba, ko zance ya zagaya dangi, ko a ce maka babu, ko wanda ya ba ka ya samu ƙofar shiga harkokinka. Amfanin rarrabe su shi ne kowanne maganinsa daban. Tsoron yaɗa zance ana magance shi da zaɓen wanda za a gaya wa. Tsoron gori ana magance shi da rubutu da biya a kan lokaci. Tsoron raini kuwa, yawanci a cikin kanka yake zaune. Gwada juya zancen: da ƙanenka ne ya zo maka da irin wannan matsala, da bayani a tsare, za ka raina shi? Ko haushin da za ka ji shi ne idan ka gano daga baya cewa ya je wurin bare ya bar ka?

Da yawa daga cikinmu kan kafa hujja da hadisin da ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai shi wanda ya faɗe shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci bashi. A cikin Muslim an ruwaito ya ari ɗan raƙumi, da ya tashi biya ya mayar da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. A cikin Bukhari kuma Nana A'isha ta ce ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude. Mayar da roƙo sana'a daban, neman rance a lokacin matsi daban. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Kuma kai ba wani baƙon abu kake shirin yi ba. Rahoton Global Findex na Bankin Duniya na 2021 ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 30 cikin ɗari na manya dangi da abokai ne wurin da za su fara dosa idan bukatar gaggawa ta taso. Game da tsoron "a'a" ma an yi bincike. A 2008 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Francis Flynn da Vanessa Lake, wadda yanzu aka fi sani da Vanessa Bohns, sun tura mutane su roƙi baƙi ƙananan alfarma, kamar aron waya ko cike takardar tambayoyi. Kafin su fita an tambaye su mutum nawa suke zaton sai sun tara kafin su samu adadin masu amincewa da ake so. Hasashensu ya kusa ninka abin da ya faru. Waɗannan baƙi ne, alfarmar kuma ƙarama ce, don haka kada ka ɗauka an yi maka alkawari. Abin ɗauka a ciki kawai shi ne mai roƙo ya saba zaton ƙofa ta fi yadda take a rufe.

Zauna ka yi lissafi kafin ka buɗe baki

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, kuma a nan mutuncin da kake tsoron zubewa yake tsayawa ko ya zube. Wanda ya zo yana cewa "wallahi abubuwa sun yi mini yawa, ko nawa ne a taimaka" ya ɗora wa mai sauraro aiki biyu: ya ƙiyasta girman matsalar, ya kuma ji tsoron cewa rijiya ce marar ƙasa. Wanda ya zo da adadi da dalili da ranar biya ya zo a matsayin mai tafiyar da al'amarinsa wanda ya gamu da cikas.

Rubuta duk abin da ake binka, ba tare da rage ko ɗaya ba: wa ke bi, nawa ne, yaushe wa'adi, akwai ruwa ko tara ko babu. Za ka ji zuciyarka tana so ka tsallake wani, musamman wanda ka fi jin kunyarsa. Shi ne ma ya fi cancanta ya hau takardar. Daga nan ka fitar da adadi uku. Na farko, abin da zai kashe gobarar da ke ci yanzu, wato wanda in ba a biya ba a makon nan ko watan nan za a yi asarar da ba ta gyaruwa. Na biyu, abin da zai tsayar da kai da ƙafafunka har kuɗi ya fara shigowa. Na uku, abin da za ka iya cirewa duk wata ka mayar ba tare da ka sake cin wani bashin ba. Wannan na ukun ka rage shi ƙasa da abin da zuciyarka ta fara faɗa maka, domin mai neman rance yana da saurin yi wa gobe kyakkyawan zato.

Idan akwai bashi mai ruwa a cikin jerin, lissafa abin da jinkiri ke ci. Bashin 100 da ake ɗora wa kashi 20 cikin ɗari duk wata, ruwan yana hawa kan ruwa, zai zama 120 a wata na farko, 144 a na biyu, kusan 173 a na uku, ya haura 207 a na huɗu. Ko kashi 10 ne a wata, cikin shekara ɗaya ya haura ninki uku. Wannan shi ne farashin "bari na ƙara gwadawa da kaina" idan babu wani takamaiman kuɗi da kake jira.

Sai tambaya mai ɗaci: rami ne ka faɗa, ko tulunka ne ke yoyo? Rami shi ne abin da ya faru sau ɗaya, kamar rashin lafiya, rasa aiki, gobara, kayan sana'a da suka lalace. Yoyo shi ne kashe abin da ya fi samu duk wata. Rance yana cike rami. Yoyo kuwa zuba masa ruwa kawai za a yi, bayan wata uku ka koma ƙofar mutumin nan da labari iri ɗaya, kuma komawa ta biyu ita ce ke cin mutunci. Idan yoyo ne, sai ka haɗa roƙon da abin da za ka sauya: ƙaramin gida, sayar da abin da ba dole ba, ƙarin aiki. Idan kuma caca ce ko shaye-shaye ke tsotse kuɗin, taimakon da za ka fara nema shi ne na rabuwa da su, ka kuma faɗa wa ɗan'uwan naka ya biya bashin kai tsaye, kada kuɗin ya bi ta hannunka.

Yana da kyau wani ya duba maka wannan lissafin. Matsi yana rage kaifin tunani, wannan ba zagi ba ne. A wani bincike da mujallar Science ta buga a 2013 an gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan kuɗi ya shigo. Ni ma da na koma na duba takardun wancan lokacin, na ga na yarda da sharuɗɗan da ko karanta su ban yi ba.

Kafin ka tashi daga kan takardar, rubuta abin da ka riga ka yi da kanka: wanda ka roƙa ya ɗaga maka ƙafa, abin da ka sayar, abin da ka daina saye. Za a tambaye ka, ko da baki ko a zuci.

Aro ne ko kyauta?

Ka yanke wannan kafin ka je, kuma ka faɗe shi da sunansa. Rigimar kuɗi tsakanin 'yan'uwa ta fi tasowa daga nan: mai karɓa ya tafi da zaton an ba shi, mai bayarwa yana ƙirga watanni. Idan ka san babu hanyar biya, kada ka ce "ara mini" don kalmar ta fi sauƙi a baki. Ka ce taimako kake nema, ba za ka iya mayarwa ba. Yana da nauyi, amma nauyin na rana ɗaya ne, ba irin na mutumin da zai shekara biyar yana sauya hanya idan ya hango yayarsa ba. Ana iya raba shi ma: wani ɓangare rance, wani taimako.

Wa za ka dosa?

Kada ka fara da tambayar wa ya fi kuɗi. Nemi wanda ya haɗa abu uku: yana da halin bayarwa ba tare da ya shiga matsi ba, bakinsa yana da linzami, kuma ba a san shi da gori ba. Ba sai ka yi duba ba, tarihi ya ishe ka. Ka tuna yadda yake ba da labarin waɗanda ya taimaka a baya. Wanda ka taɓa ji yana lissafa a gaban mutane abin da ya yi wa wane, gobe sunanka zai shiga lissafin.

Ka yi hattara da wanda ba ya iya ce maka a'a. Uwa za ta iya sayar da abin da ta tanada don tsufanta ta ce maka dama ajiye yake ba amfani. Uban da ke rayuwa a kan fansho zai iya cin bashi a wani wuri ya ba ka, kai ba ka sani ba. Idan su za ka tambaya, ka tambayi daga ina kuɗin zai fito, kuma ka shirya ƙin karɓa.

Idan adadin yana da yawa, raba shi tsakanin mutum biyu ko uku, kowa ka gaya masa cewa akwai wasu a ciki. Abin da ba a yi shi ne ka karɓi cikakken adadin a wuri biyu kowa yana zaton shi kaɗai ne. Dangi suna haɗuwa, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Kada ka jefa maganar a zauren dangi na WhatsApp. A can kowa zai jira wani ya fara, waɗanda ba su da niyyar ba da komai kuma su ne za su fi yawan sharhi.

Mai aure ya fara da cikin ɗakinsa. Bai kamata matarka ta ji daga bakin ƙanwarka cewa ka ci bashi ba, haka ke ma bai kamata mijinki ya tsinci labarin a wurin yayanki ba. Ka kuma sa a ranka cewa wanda za ka roƙa zai iya shawartar matarsa ko mijinta. Haƙƙinsu ne, kuɗin gidansu ne.

Lokaci da wuri

Gaba da gaba ya fi, kira ya biyo baya, saƙo shi ne na ƙarshe. Saƙon amfaninsa neman lokaci: "Kawu, ina wuni. Akwai wata matsala ta kuɗi da nake so na zo mu yi magana, yaushe kuke da sarari?" Ka ambaci kuɗi tun a saƙon, don kada ya kwana yana zaton mutuwa ce ko aure ya mutu, kuma don ya zo da shirinsa. Kada ka tare mutum a taro, ko a gaban 'ya'yansa, ko yana ƙofar fita aiki. Kuma kada ka jira daren da wa'adi zai cika. Wanda aka ba mako biyu yana da hanyoyi. Wanda aka ba awa shida, ko yana so, abin da ke aljihunsa kawai zai iya.

Maganar kanta

Bayan gaisuwa, shiga zancen cikin minti biyar na farko. Na san mutumin da ya yi tafiyar awa uku zuwa gidan baffansa, ya wuni ana hira, ya yi sallama ya dawo bai faɗi abin da ya kai shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu biyar za ka faɗa, a jere: abin da ya faru, abin da ka yi da kanka, nawa kake nema, aro ne ko taimako, da yadda za ka biya. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Yaya, abin da ya kawo ni ba shi da daɗin faɗa, amma gara ka ji daga bakina. Wata biyu ke nan da aikinmu ya tsaya. Na biya abin da zan iya da ɗan abin da na tara, na sayar da kwamfutata, mai gida kuma ya ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen wata. Abin da ya rage mini shi ne hayar wata uku. Rance nake nema. Zan fara mayarwa daga watan da na kama sabon aiki, kashi shida, kuma in ya wuce wata huɗu ban samu ba zan dawo mu sake zama. In babu hali, ko wani ɓangare ne kawai zai yiwu, wallahi ba komai, ba zai canza komai tsakaninmu ba."

Idan babba ne, harshen ya sauya amma ƙashin maganar yana nan: "Gwaggo, na zo ne na sanar da ku halin da nake ciki, na kuma nemi alfarma idan Allah ya hore muku."

Jimlar ƙarshe ta misalin farko, wadda ta ba shi ƙofar fita, kada ka faɗe ta sai in da gaske kake. Ita ce ke raba roƙo da tilas.

Da ka gama, yi shiru. Wannan shi ne wuri mafi wuya. Shirun daƙiƙa goma zai yi maka kamar shekara, bakinka zai so ya cike shi da "ai ma bar shi kawai" ko ya zaftare adadin zuwa rabi. Riƙe harshenka. Mutumin lissafi yake yi, yana tuna abin da ke asusunsa da abin da ke gabansa. Idan ya ce zai yi tunani, ka gode, ka tambaye shi ranar da za ka tuntuɓe shi.

Zai yi tambayoyi, wasu za su yi zafi. "Ina kuɗin da ka samu bara?" "Me ya sa ba ka faɗa tun da wuri ba?" Wanda zai fitar da guminsa yana da damar tambaya. Amsa a taƙaice, da gaskiya. Idan kuskurenka ne, ka ce kuskurena ne, sau ɗaya, ba tare da doguwar kare kai ko zagin kai ba. Wataƙila a haɗa maka da nasiha wadda ba ka nema ba. Haɗiye ta, sau da yawa ita ce hanyar da babba ke nuna abin ya dame shi.

Akwai abubuwan da ke ɓata roƙo ko da bukatar gaskiya ce. Habaici na ɗaya: ka zauna kana nishi kana ambaton tsadar rayuwa da fatan a gane. Wanda bai gane ba za ka ƙullace shi a kan abin da ba ka roƙa ba. Sai tuna wa mutum alherin da ka taɓa yi masa, da ƙirga masa dukiyarsa, irin su "ai na ga ka sauya mota". Sai ƙara wa labari gishiri. Kada ka ƙirƙiri asibiti alhali bashin kasuwa ne. Ranar da ciwon gaske ya zo, babu mai yarda.

A rubuta

Mutane kan ji kamar rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ta kuma ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Wato kai mai karɓa kai ne za ka kawo maganar, kada ka bar wa mai bayarwa nauyin nema. Wanda ba Musulmi ba ma zai ga hikimar: bayan shekara biyu, ƙwaƙwalwar mai bayarwa da ta mai karɓa ba sa tuna adadi ɗaya, kuma mutuwa ba ta sallama. Magada ba su san abin da kuka faɗa a tsakaninku ba.

Ba sai an je wurin lauya ba idan adadin ba babba ba ne. Takarda ɗaya ta isa: sunayenku, adadi, ranar karɓa, nawa za a riƙa biya da ranar biya, abin da za a yi idan an samu jinkiri, sa hannu, da shaidu. Kowa ya riƙe kwafi. Idan ya ce haba, ai ba sai an rubuta ba, aika masa saƙo da yamma: "Yaya, na ga kuɗin, Allah ya saka da alheri. Kamar yadda muka yi, zan riƙa turo kaza duk biyar ga wata har kashi shida." Ya zama rubutu ke nan. Idan kuɗin mai yawa ne, ko za a jingina fili ko gida, ko bayarwar za ta tsallaka ƙasa, a nemi masani, domin dokokin haraji da na jingina sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Idan taimakon ya zo da sharaɗi, ka saurare shi da kyau kafin ka miƙa hannu. "Zan biya makarantar kai tsaye" sharaɗi ne mai kyau. "Ka nuna mini lissafinka duk wata har ka gama biya" yana da ɗaci amma ana iya ɗauka. Sharaɗin da ya shafi aurenka, ko inda za ka zauna, ko rabon gadonka, wannan ciniki ne, kana da damar cewa ka gode ka tashi.

Idan aka ce babu

Ka gode, ka ƙara minti goma ana hira, ka tafi da fuskar da ka zo da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda kake gani da babban gida wataƙila mutum biyar sun riga ka zuwa a watan nan. Kana iya tambayarsa ko akwai wata hanyar da zai taimaka: ya yi magana da mai binka, ya haɗa ka da mai aiki, ya ba ka ɗaki na wata biyu. Sannan ka wuce ga na biyu a jerinka, ba tare da ka kai masa ƙarar na farko ba.

Bayan kuɗi ya shigo hannu

Ka kashe shi a kan abin da ka faɗa, ka aika da shaidar biya ko ba a nema ba. Daga nan sai babban jarrabawa, wadda ba kowa ke zato ba: kada ka ɓace. Mai bashi yakan fara jin nauyin ɗaga waya, ya daina zuwa gaisuwa, ya zauna nesa a taro. Shi a ransa kunya ce. Wanda ya ba shi kuwa abin da yake gani shi ne an karɓi kuɗinsa an juya masa baya. Ci gaba da zuwa kamar da, ka riƙa kira a kan abin da ba kuɗi ba.

Ka biya a ranar da ka faɗa, ko kwana ɗaya kafin ta. Sa tunatarwa a waya, ko ka ba banki umarnin turawa da kansa. Idan ka ga watan nan ba zai yiwu ba, kira kafin ranar, kada ka bari ta wuce: "Yaya, na watan nan rabi zan iya, sauran zan haɗa da na gaba." Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bi ya jira wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirin mai hali zalunci. Kai ka san a wanne kake. Kuma ido yana kanka, ko ka so ko ka ƙi: sabuwar waya a hannun wanda bai biya na watan jiya ba magana ce, ko da kyauta aka ba shi. Idan haka ta faru, faɗa da bakinka kafin a tambaya.

Gori yana iya zuwa duk da ka yi komai daidai. In ya zo sau ɗaya cikin fushi, bar shi ya wuce. In ya zama ɗabi'a, same shi ku biyu: "Na gode da abin da ka yi mini, ba zan manta ba, amma ina roƙon maganar ta tsaya tsakaninmu kamar yadda muka yi." Sannan ka hanzarta biya gwargwadon iko.

Idan ya ce ya yafe sauran, tambaye shi sau ɗaya ko da gaske yake. In ya tabbatar, karɓa ka yi godiya, kada girman kan da ya hana ka roƙo ya dawo ya hana ka karɓar alheri. A rubuta yafiyar a kan takardar nan, saboda magada.

Ni nawa kashi takwas muka yi da yayana, na makara a na biyar da kwana tara, na kuma kira kafin ranar. Da na tura na ƙarshe na rubuta masa dogon saƙon godiya, wannan karon ban goge ba. Bayan awa biyu ya amsa: "Na gani. Ka zo Asabar, motar nan ta sake ƙin tashi."